Jami'a Ta Iso Kaele, To Ina 'Ya'yan 'Yan Kasuwa?

Duk shekara, da zarar damina ta kankama kuma sakamakon jarrabawar bak ya fito, akan kawo mana takardun sanarwa a gidan rediyo domin mu karanta wa jama'a. Daga cikinsu har da na konkur, wato jarrabawar gasa da ake yi kafin a ɗauki yaro a manyan makarantun gwamnati. Mukan karanta su da Faransanci kamar yadda suka zo, sa'annan mu yi bakin ƙoƙarinmu mu juya su zuwa Hausa da Fulatanci. Abin da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya shi ne, ranar da muka faɗi farashin buhun albasa, ko muka ce an buɗe hanyar Banki, ko Naira ta sake faɗuwa, wayar gidan rediyo ba ta hutawa har mu tashi daga aiki. Amma ranar da muka karanta sanarwar konkur, shiru kake ji wai malam ya ci shirwa. In ma an samu wanda ya kira, za ka tarar malamin makaranta ne ko wani ma'aikacin gwamnati yana tambaya saboda ɗansa. Daga rumfunan kasuwa kuwa, da wuya mu ji ko tari.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace yau mu yi magana kai tsaye da 'yan uwanmu 'yan kasuwa, tun daga Dumru da Figil da Gidar har Pitowa da Mbaibum, da masu kai-komo tsakanin Mubi da Garwa ko tsakanin Lere da Kaele. Su ma makarantun akwai nasu kason a cikin maganar, kuma ba za mu rage musu komai ba.

Ga wanda bai sani ba, a nan cikin garin Kaele, hedikwatar Mayo-Kani, akwai babbar makarantar ƙasa ta koyon aikin ma'adinai da man fetur, wadda take ƙarƙashin Jami'ar Marwa. Ta fara ne a matsayin cibiya, aka ɗaga ta ta zama tsangaya, daga baya ta zama babbar makarantar injiniyoyi. A cikinta ake koyon yadda ake binciken arzikin da ke ƙarƙashin ƙasa, da yadda ake haƙo shi, da yadda ake tace mai da iskar gas. Garin da dattawa suka sani da auduga, tun zamanin da kamfanin Faransa na CFDT ya kafa sansaninsa a nan a farkon shekarun 1950 kafin SODECOTON ta gaje shi a 1974, yau shi ne ake tasowa daga Duwala da Yawunde da Bafusam a zo neman ilimin fetur a cikinsa. Ɗaliban nan a gidajenmu suke haya, a wajenmu suke sayen shinkafa da sabulu da katin waya, yaranmu ne ke ɗaukar su a babur. Kuɗinsu mun san shi sarai. Abin da ba mu tsaya mun tambayi kanmu ba shi ne, mutum nawa ne a cikinsu suka fito daga gidajenmu, alhali kuwa babu wanda ya kai mu mu'amala da fetur a wannan yanki, tunda mu ne muka yi shekara da shekaru muna sayar da zuwa-zuwa a kwalba a bakin titi.

Idan mai karatu bai manta ba, waɗannan makarantu ba da sauƙi suka zo ba. Kafin 1993 cikakkiyar jami'a ɗaya tak ce a duk faɗin Kamaru, ita ce ta Yawunde. A shekarar ne aka yi gyaran da ya haifar da jami'o'i shida, aka ba Arewa ɗaya a Ngaundere, can a Dang bayan gari. Gyaran nan ne kuma ya soke tallafin da gwamnati ke ba ɗalibai, ya kawo kuɗin rajista na Sefa 50,000 a shekara, wato jaka hamsin, wanda har yanzu shi ake biya a tsangayoyin gwamnati. Yaron Kusiri ko na Mokolo da ya ci bak sai ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita kafin ya ga aji. Shugaba Paul Biya ya yi alkawarin jami'a a Marwa lokacin yaƙin neman zaɓe na 1997, manyan Arewa suka yi ta tuni, amma sai ranar 9 ga Agusta 2008 aka sa hannu a kan dokar kafa ta. Garwa kuwa sai a watan Janairu na 2022 ta samu tata, tare da Bertuwa da Ebolowa, abin da ya kai yawan jami'o'in gwamnati 11, uku daga ciki a Arewa.

Akwai abin da ya faru a ƙarshen 2008 wanda ya kamata mu daɗe a kansa, domin har yau shi ne ke juya tunaninmu game da shiga jami'a. Jami'ar Marwa ta buɗe ƙofarta ne da makarantar horon malaman sakandare, wadda kowa ya fi sani da ENS. Da aka yi konkur na farko, sakamako ya fito da mutum 2,000 da 'yan kai, sai 'yan majalisar dokoki na jihohin Arewa uku suka ce allambaran ba su yarda ba. Hujjarsu ita ce an kafa makarantar domin magance ƙarancin malamai a Arewa, tunda malamin da aka turo daga Kudu da wuya ya zauna a ƙauyenmu ya yi shekaru, don haka suka nemi a ba 'ya'yan Arewa kashi 60 cikin 100 na guraben. Rigima ta kai har fadar shugaban ƙasa, aka ba da umurnin a ƙara, yawan waɗanda aka ɗauka ya haura 7,000, a daidai lokacin da jami'ar ke aron azuzuwa nan da can a cikin garin Marwa.

Mun yi murna a lokacin, kuma ba mu ga laifin kanmu ba, domin da yawa daga cikin malaman da ke riƙe da lise-lisen Arewa a yau daga wannan ayari suka fito. To amma fa abin ya bar mana wani darasi maras kyau. Mun ɗauka ke nan shiga babbar makaranta magana ce ta manya, su ɗaga murya a Yawunde a buɗe ƙofa. Har yanzu idan aka zauna hira a bakin rumfa aka tabo zancen, abin da za ka ji shi ne an danne mana kasonmu. Kaso kam akwai shi a takarda. Tsarin da ma'aikatar ƙwadagon gwamnati ta fitar a 1992 na raba guraben jarrabawar shiga aikin gwamnati ya ba Arewa Mai Nisa kashi 18, jihar Arewa kashi 7, Adamawa kashi 5, jimla kashi 30. Sai dai kaso ba ya shiga aji ya zauna a kan benci, sai an samu yaro mai takardun da ake nema. Kuma da yake asalin iyaye ake dubawa, wanda ya fi cin moriyar kason nan sau tari shi ne ɗan babban ma'aikaci da ya tashi a Yawunde ya yi karatu a makaranta mai kyau, wanda wataƙila bai taɓa kwana bakwai a garin kakansa ba. Ɗan mai rumfa a Dumru ko sunansa bai kai teburin da ake rabon ba.

Ban da haka ma, abin da ya sa aka yi wancan rububi ya kau. Abin da mutane suka bi a 2008 shi ne matirkil, wato lambar albashin gwamnati, domin a lokacin duk wanda ya fita daga ENS aiki na jiran sa. Daga 2023 gwamnati ta raba horo da ɗaukar aiki: ka gama makarantar, sa'annan ka sake neman aikin kamar kowa. Kafin nan kuma yajin aikin malamai na 2022, wanda aka sani da OTS, ya tona wa duniya cewa akwai malaman da suka yi shekaru suna koyarwa ba su ga cikakken albashinsu ba, ga kuma waɗanda ke tattara kayansu suna tafiya Kanada. Nan take masu neman shiga makarantun horon malamai suka ragu ƙwarai da gaske. Makarantar da aka kusa ba hammata iska saboda ita, yau ita ce ke cigiyar ɗalibai.

Haka lamarin yake tafiya a sauran wuraren ma, ko da bai kai na ENS tsanani ba. Jami'o'i uku ne yanzu ke ɗiban ruwa a rijiya ɗaya, ga makarantu masu zaman kansu sun cika Garwa da Marwa kowace da allonta a bakin titi, ga makarantar ma'adinai ta Meiganga da ke ƙarƙashin Jami'ar Ngaundere tana neman irin yaran da ta Kaele ke nema. Wanda ya san Dang ya san irin yawan 'yan Cadi da ke karatu a can, haka ma a Marwa, kuma muna maraba da su, maƙwabta ne kuma abokan ciniki. Sai dai abin kunya ne a ce yaro ya tsallako iyaka daga Pala ko Mundu ya samu aji, wanda gidansu ke kallon katangar makarantar bai san ranar da ake rufe karɓar takardu ba.

A nan ya kamata mu yi wa ɗan kasuwa adalci, domin lissafinsa ba na wauta ba ne. Bayan firamare yaro zai yi shekara bakwai a sakandare, in bai maimaita aji ba, sa'annan ya yi biyar kafin ya zama injiniya. Shekara 12 ke nan ana zuba kuɗi, na haya da na abinci da na takardu, jaka hamsin ɗin rajista ita ce mafi ƙanƙanta a ciki. A tsawon wannan lokaci ɗan wansa da aka ajiye a shago ya koyi ciniki, an yaye shi, ya yi aure, wataƙila har ya sauke farali. Alhaji kuma da idonsa yake ganin mai digiri yana haya da babur a tashar mota. Wani dattijo mai sayar da atamfa ya taɓa ce mana shi bai ƙi boko ba, amma a duk rayuwarsa bai taɓa sayen kayan da mai su ya kasa gaya masa inda ake sayar da su ba. Mun rasa amsar da za mu ba shi a ranar.

Amsar da muke da ita yanzu ita ce, ita kanta kasuwar da muke taƙama da ita ba ta nan yadda muka gada. Daga 2014 rikicin Boko Haram ya kashe hanyar Banki da Amcide na tsawon shekaru, manyan 'yan kasuwa da yawa suka koma 'yan kallo. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 har Disamban 2020. A watan Mayu na 2023 Shugaba Tinubu ya cire tallafin mai, cikin 'yan kwanaki kwalbar zuwa-zuwa ta yi tashin gwauron zabo, yaran da ba su san wata sana'a ba sai ita suka rasa tudun dafawa. Duk wanda ya ajiye 'ya'yansa biyar a kan sana'a ɗaya, a bakin iyaka ɗaya, ya ga abin da ya gani. Yanzu takardun kwastan da na haraji ta kwamfuta ake cika su, kuma kowa ya san nawa yake biyan wanda ke cika masa, ba tare da ya iya karanta abin da aka rubuta da sunansa ba. Masu zuwa Sin sayayya suna biyan tafinta a Guwanzu, alhali a Marwa ana koyar da Sinanci. Dillalan shanu na Adumri da Bogo suna asarar dabbobi saboda cuta, ga makarantar likitancin dabbobi a Ngaundere. Albasarmu tana ruɓewa a rumbu duk shekara, ga babbar makarantar fasaha ta Marwa tana koyar da aikin gona da na ruwa da na wutar hasken rana. Yaron da ya yi irin wannan karatu ko bai samu matirkil ba, gida zai dawo da shi, kuma shagon ubansa ne zai fara amfana.

To amma ko Alhaji ya gamsu yau, sai ya tarar an riga an rufe wa yaron ƙofa tun yana cikin zanen goyo, kuma mu muka rufe da hannunmu. Muna nufin takardar haihuwa. Babu wani malamin firamare a Arewa Mai Nisa da bai san wannan ciwo ba: yaro ya yi shekara shida yana zuwa makaranta, ya kai ajin ƙarshe, a zo rajistar jarrabawar CEP da ta shiga sakandare a ce ya kawo takardar haihuwa, babu. A meri ake yin ta cikin sauƙi idan an je a kan lokaci, amma idan wa'adin da doka ta tsara ya wuce, sai an dangana da kotu, da shaidu, da takardar likita mai ƙiyasta shekaru, da kuɗin mota zuwa da dawowa. Uba ya duba wahalar ya ce a bari sai baɗi. Baɗin nan ita ce ba ta zuwa.

Mu Hausawan bakin iyaka namu ya fi na kowa sarƙaƙiya. Al'adarmu ce mace ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, kuma gidan iyayen nan sau da yawa yana Mubi ne ko Yola ko Lere. A haifi yaro a can, a yi suna, a yi wankan jego, a dawo da shi Garwa yana da wata biyu ko uku, ba a rubuta shi a can ba, ba a rubuta shi a nan ba. Shekara 18 bayan haka ya zo haɗa takardun konkur, a nemi shaidar zama ɗan ƙasa wadda kotu ke bayarwa, sai a shiga tambayar ina aka haifi uba, ina takardar kaka, a gidan da ya yi shekara ɗari a unguwar Hausawa. Dokar Kamaru kuwa ba ta yarda babba ya riƙe ƙasa biyu ba. Akwai kuma matsalar rubutun suna, wadda take kamar wasa amma ta karya yara da yawa. Mun san wani yaro mai ƙoƙari da aka mayar wa takardunsa saboda a takardar haihuwa an rubuta sunansa yadda Bafaranshe ke rubutawa, a takardar makaranta kuma an rubuta shi yadda ake rubutawa a Nijeriya, Muhammadu ɗaya ya zama mutum biyu. Kafin a gyara an rufe karɓa, shekara ta wuce. Ga kuma iyakar shekaru da kowace konkur take da ita, wadda ke kama yaron da aka bari sai da ya sauke Alkur'ani sa'annan aka kai shi aji ɗaya yana ɗan shekara goma sha. Allo da boko suna tafiya tare in an so, gidaje da yawa sun gwada sun gani, ga kuma makarantun faranko-arab.

Ƙofa ta biyu tana cikin lise, kuma yawancin iyaye ba su ma san da ita ba. Bayan yaro ya ci BEPC a ƙarshen shekara ta huɗu, akan raba ɗalibai: sashen A na adabi da harsuna, sashen C na lissafi da kimiyya, wanda daga baya yake rabuwa zuwa C da D. A wannan rana ake yanke ko yaro zai iya zama injiniya ko likita, shekara uku kafin ya ji sunan konkur. Makarantar Kaele lissafi da kimiyya take nema, ko takardar makarantar fasaha, wanda ya riƙo bak na adabi ba shi da hanyar zama injiniyan haƙar mai komai ƙoƙarinsa. Mu kuwa tambayarmu ɗaya ce idan yaro ya kawo sakamako, ka ci ko ka faɗi? In ya ce ya ci, a sa masa albarka a koma ciniki. Yaran da kansu suke gudun sashen kimiyya, wani don tsoron jarrabawar Probatoire da ke tare hanya a shekara ta shida, wani don lisen ƙauyensu ba ta da malamin kimiyya tsayayye, balle ɗakin gwaje-gwaje. Wannan kam laifin gwamnati ne, kuma a nan ne ya kamata 'yan majalisarmu su ɗaga irin muryar da suka ɗaga a 2008. Idan aka haɗa da makarantun da rikici ya rufe a Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da Logon-da-Shari, da waɗanda ambaliyar 2024 ta cinye a wajen Yagwa, za a ga rijiyar da jami'o'in nan uku ke ɗiba ba ta da zurfin da ake zato.

Yanzu bari mu juyo kan makarantun. Yadda suke neman ɗalibai yadda aka gada ne tun zamanin da ɗalibi ke bin makaranta yana roƙo. A rubuta sanarwa da Faransancin da ko mai bak sai ya karanta sau biyu, a liƙa a allon makaranta, a sa a intanet, a ba da 'yan makonni, shi ke nan an gama. Rajista ta intanet, biyan kuɗi a inda aka ayyana, kowace takarda sai an kai an buga mata hatimi da tambur, shi ma tambur ɗin daga Sefa 1,000 ya koma 1,500 a 2023. Uban da bai yi boko ba daga ina zai kama? Kamfanonin waya idan suna son mu sayi layi, ranar kasuwa suke zuwa da mota da lasifika da yaro mai jin Hausa da Fulatanci da Mundang da Tupuri. Ba mu ga abin da zai hana jami'a yin haka ba, ta turo malami ɗaya da ɗalibai biyu 'yan yankin su zauna a rumfar sarkin kasuwa su amsa tambayoyi. Rashin wannan bayani shi ne ya buɗe wa 'yan damfara kasuwa, masu zagayawa suna cewa gurbi sayen sa ake yi, kawo kaza in kai wa wani. Mutumin da aka gaya wa haka, ko dai ya ba da kuɗin a cinye, ko ya ce abin ba na talaka ba ne ya haƙura tun kafin yaron ya gwada.

Sa'annan akwai tambayar dattijon nan mai atamfa, wadda har yanzu tana nan. Ina waɗanda suka gama suke? Bututun man Cadi mai tsawon kilomita 1,070 daga Doba zuwa Kribi yana aiki tun 2003, amma bututu ba ya ɗaukar ma'aikata da yawa. Matatar SONARA ta Limbe ta yi gobara a watan Mayu na 2019. A kusa da mu akwai masana'antar siminti ta Figil da duwatsun marmara na Bidzar, akwai zinariyar da ake tona da hannu a Mayo-Rey ramuka suna rufta wa mutane, akwai ma'adinin bokzit na Minim-Martap da aka daɗe ana zancensa. Aiki dai ga shi nan a ƙasa. Abin da muke roƙo shi ne kowace makaranta ta riƙa fitar da bayani duk shekara: mun yaye mutum kaza, kaza suna aiki a wuri kaza, kaza sun buɗe nasu, kaza suna zaune. Ko lissafin bai yi daɗi ba, ɗan kasuwa ya fi yarda da wanda ya nuna masa aibin kaya da bakinsa.

Wasu daga cikinmu sukan ce su Nijeriya za su kai nasu, tunda ga dangi a can ga kuma Naira ta yi araha tun 2023. Babu laifi, Jami'ar Maiduguri da ta Modibbo Adama a Yola da ta jihar Adamawa a Mubi duk makarantu ne na ƙwarai. Sai dai can ma akwai tasu ƙofar, hukumar JAMB ce ke riƙe da ita tun 1978, ga Turanci ga yaron da ya tashi da Faransanci, kuma in ya dawo sai ma'aikatar ilimi mai zurfi a Yawunde ta tantance takardar kafin ta yi masa amfani a aikin gwamnati. A yi hattara kuma da masu tallar digirin gaggawa. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida na Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samu digiri daga Kwatano cikin mako shida, abin da ya sa Nijeriya ta dakatar da karɓar takardun jami'o'in Benin da Togo a farkon 2024, masu gaskiya da masu ƙarya duk abin ya shafe su. Waɗanda suka saba tura yara Sudan kuma sun ga yadda yaƙin da ya ɓarke a Khartum a Afrilun 2023 ya watsa ɗalibai.

Game da 'ya'ya mata, uzurin da muka daɗe muna bayarwa shi ne nisa, wa zai tura 'yarsa Yawunde ta zauna ita kaɗai? Uzurin ya ƙare. Tsangayar koyon likitanci tana cikin Garwa, yarinya za ta iya kwana a ɗakin uwarta ta je aji da safe, ko ta yi karatun daga ɗakin mijinta. Mu ne kuma kan gaba wajen ƙorafi idan muka kai iyali asibiti ba mu tarar da likita mace ba.

Abin da ya rage shi ne wanda ke hannunmu, kuma bai fi ƙarfinmu ba. Babu kasuwar da ba ta da ƙungiya, 'yan albasa da tasu, 'yan goro da tasu, direbobi da tasu, kuma duk muna tara kuɗi idan gobara ta tashi ko an kama kayan wani a kwastan. Daga cikin irin wannan asusu za a iya ware abin da zai ɗauki nauyin zaman kotu na tafi-da-gidanka, wanda alƙalai kan fito su yi domin masu neman takardar haihuwa, a tara yaran unguwa gaba ɗaya a gama musu a rana guda. Sarkin Hausawa da limamai suna iya sa ido a ga cewa duk gidan da aka yi suna an kai sunan meri kafin a gama cin naman ragon. Wanda Allah Ya hore wa kuma ya ɗauki yaro ɗaya mai kan lissafi, nasa ko na maƙwabci, ya biya masa malamin da zai riƙa yi masa bita tun daga ajin BEPC, kuɗin bai kai abin da muke kashewa a ɗinkin biki ɗaya ba.

Mu a namu ɓangaren mun shirya da abokan aiki cewa sanarwar konkur ta bana idan ta iso, ba sau ɗaya za mu karanta ta a wuce ba. Za mu riƙa maimaita ta da safe kafin a fita kasuwa, takarda bayan takarda, da inda ake samun kowace da abin da ake biya, kuma za mu gayyato ɗaliban makarantar Kaele su zo su faɗi da bakinsu irin tambayoyin da suka tarar a ɗakin jarrabawa. Wanda ɗansa ko 'yarsa ke ajin ƙarshe na firamare kuwa, kada ya jira mu, ya buɗe akwati a daren nan ya duba ko takardar haihuwar tana ciki, ya kuma sa a karanta masa sunan da ke jikinta a gwada da wanda ke rajistar makaranta.